Wa Ya Riga, Uba Ko Ɗa

Habsatu ɗiyar wani majemi ce a unguwar Obitara, cikin garin Agadas. Tun tana ƙarama abin da hannunta ya sani shi ne kaba. Kakarta ta koya mata saƙar tabarma, irin wadda ake rina wasu silla ja wasu baƙi, a fitar da ado. Tsohuwar ba ta taɓa ce mata wannan lissafi ba ne. Cewa take yi, "Uku sama, ɗaya ƙasa, in kin kai baki ki juyo. In kika ɓata ɗaya a nan, sai kin yi kamu biyu gaba za ki ga ɓarnar." Habsatu ta iya, har ya zamana in ta ga tabarmar wani gari a kasuwa, ta tsaya ta dube ta, in ta koma gida sai ta fitar da irinta.

Aka aurar da ita ga Malam Inusa. Shi ba babban malami ba ne, ba a zuwa daga nesa don ɗaukar karatu a wurinsa. Abu ɗaya aka san shi da shi: rabon gado. In an yi mutuwa mai magada da yawa, har alƙali kan aiko a kira shi. Ya zauna a zaure, ya share ƙasa da tafin hannu, ya zubo ƙwallayen dabino daga wata ƴar jakar fata, ya jera su, ya faɗa wa kowa nasa. Sun haifi ƴaƴa biyar, huɗu suka koma tun ba su yi wayo ba. Illiya, na farin, shi kaɗai ya rayu.

A shekarun da Nasara suka zo suka gina sansaninsu a bayan gari, yanar ido ta fara rufe wa Malam gani. Da farko rubutu ya gagare shi, bai damu ba, don littafin yana kansa. Daga baya ƙwallayen ma suka zama sai ya lalubo, ya ture wannan garin neman wancan. Illiya kuwa ba ya zama, ya bi ayarin gishiri, yau Fachi gobe Damagaram. Sai Malam ya sa aka rataye tabarma a ƙofar da ta haɗa zaure da cikin gida, Habsatu ta zauna a baya da jakar. Shi ya tambayi masu mutuwa wa aka bari, ya faɗi kaso da ƙarfi, ita ta jera, ta faɗa masa abin da ya fito a hankali.

Ta haddace su ba da niyya ba. Mace in mijinta ya bar ɗa, tumuni gare ta, ɗaya cikin takwas, in bai bari ba, rubu'i. Uwa sulusi ko sudusi. Wannan magajin yana kare wancan daga gado, wancan ba ya kare kowa.

Wata rana aka zo da mutuwar wata mata da ta bar miji da ƴan'uwa mata biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Malam ya ce miji rabi, ƴan'uwa kashi biyu cikin uku. Habsatu ta ajiye shida, ta ware wa mijin uku. Ta zo ware wa ƴan'uwan huɗu, sai ta ga uku suka rage. Ta sake daga farko, haka ya fito.

Ta ce, "Malam, bai kai ba."

Ya ce, "Nawa ake nema?"

"Bakwai. Shida gare ni."

"Ƙara ɗaya."

"Daga ina? Dukiyar ke nan."

"Dukiyar tana nan yadda take. Da za mu yanka ta shida, yanzu mu yanka ta bakwai. Shi uku, su huɗu. Kowa ya ragu, amma ba wanda ya ragu fiye da wani."

Ta ƙara ɗayan, ta zauna tana kallonsu. Baƙin sun daɗe da tafiya tana nan. Ranar tuwon ya kama, Malam ya ci haka nan.

Daga nan ya fara yi mata hira da abin da bai saba yi da kowa ba. Ya ce ladan da ke auna inuwarsa da tafin ƙafa kafin ya kira azahar, da madugu da ke duba fitowar Kaza da ƴaƴanta ya san lokacin ɗaura sirdi, da mai raba salkunan ruwa a kan kwanakin ƙetare hamadar Tenere, da ita kanta a kan tabarmarta, duk aiki ɗaya suke yi. Ya ce Allah bai zubar da duniya kamar yadda ake zubar da shara ba, ya auna ta, shi ya sa mai haƙuri in ya zauna yakan iya gano ma'aunin. Habsatu ta yarda da wannan. Shekarun nan su ne mafi daɗi a zamanta da shi, ko da yake gari ba ya cikin daɗi.

Nasara ma masu ƙidaya ne. Sun ƙidaya gidaje, sun ƙidaya kawuna, sun ƙidaya raƙuma, kuma duk abin da suka ƙidaya sai wani ɓangarensa ya tafi wurinsu. Aka yi fari, aka yi yunwar da mutane suka tona gidan tururuwa. Raƙuman da Illiya ke bi, waɗanda yunwa ta bari, aka karɓe su don ɗaukar kayan soja. Ya dawo gida ya zauna, ya zama shi ke jan ubansa zuwa masallaci. A cikin wannan zaman ne aka yi masa aure da Fulera, yarinya mai yawan dariya, ɗiyar wani baduku.

Da sanyin shekarar da ta biyo baya, mayaƙan Abzinawa suka sauko daga arewa suka kewaye sansanin Nasara. Wata uku ana jin igwa. Mutanen gari wasu suka shiga, wasu suka rufe ƙofa, Malam Inusa yana cikin masu rufe ƙofa. Sai taimako ya zo wa Nasara daga kudu, mayaƙan suka janye cikin duwatsu, aka bar garin da waɗanda ba su iya gudu ba.

Malamai da dattawa suka ce a taru a masallaci, a fito da Alƙur'ani, a nemi aminci. Da safe Illiya ya kama hannun ubansa suka fita. Habsatu ta ce su sha fura tukuna, Malam ya ce in sun dawo. Masallacin gida huɗu ne tsakaninsa da nasu. Matan suka ji hayaniya, suka ji ta ɗauke. Soja na tsaye a bakin lungu, ba mai fita. Da la'asar aka kwashe gawawwaki zuwa bayan gari. Ba a kira kowa wanka ba.

Habsatu ba ta yi kuka ba. Ta jira kukan ya zo, bai zo ba. Fulera ta yi ta birgima a tsakar gida har muryarta ta dushe, ita kuwa tana zaune tana kallonta kamar mai kallon gidan maƙwabta. Ta tashi ta ba awaki furar da aka ajiye. Suka shiga takaba tare, ɗaki ɗaya.

Garin ya zube. Masu ƙarfin tafiya suka yi kudu. Lungunan da da sai an yi ta gafara kafin a wuce, yanzu karnuka ne kwance. Amma waɗanda suka rage sai sun ci, kuma ba wanda ke son ya sa hannu a hatsi ko akuyar da bai san ko ta maraya ba ce. Alƙali ba ya nan, malamai ba sa nan. Wata mata mai suna Indo, maƙwabciyarsu, ita ta fara shigowa.

Ta ce, "Matar Malam, ni na san ke ce a bayan tabarmar nan. Duk unguwa an sani."

Habsatu ta ce, "Ni ba malama ba ce."

"Na ji. To wa zan je wurinsa?"

Habsatu ta miƙa hannu ta ɗauko jakar. Ta tambaya wa ya mutu, wa ya bari. Ta jera, ta faɗi. Indo ta yi godiya ta fita. Kashegari mata uku suka zo.

Haka ta yi takabarta. Mutane suna shigowa suna lissafa mata matattu, ita tana ajiye ƙwallo. Wasu sunayen ta san su tun suna goye. Ba ta cewa Allah ya ji ƙansa sai in mai maganar ya tsaya yana jira. Wasu matan suka ce zuciyarta ta bushe. Ta ji, ba ta musa ba. Ita dai ta lura cewa in tana jerawa hannunta ba ya rawa, kuma abin da ya fito daidai ne, ko wane ne ya mutu.

Tambaya ɗaya ce take maimaitawa a kusan kowane gida, wadda a zamanin Malam sai a shekara ba a yi ta ba. In uba da ɗa, ko wa da ƙane, sun mutu rana ɗaya, wa ya riga? In an sani, na baya ya gaji na farko, ko da numfashi ɗaya ya fi shi, sannan nasa magadan su gaje shi. In ba a sani ba, ba mai gadon wani, kowa a raba nasa kamar ɗayan bai taɓa zuwa duniya ba. Yawanci amsar ita ce ba a sani ba. Sai ta ware su, wannan gefe, wancan gefe.

Nata gidan ba ta taɓa ba. Dole a jira a ga ko Fulera na da ciki. Wata ya zo ya wuce, Fulera ta shigo da safe ta ce, "Inna, babu." Habsatu ta ce to.

Bayan sun fita takaba, Hamidu ƙanen Malam ya zo daga Aderbissinat, inda yake ɗan kasuwancinsa a bakin hanya. Ya yi kuka a zaure, ya share ido, ya ce, "Yaya Habsatu, ni ban zo neman komai ba. Ku zauna a gidanku."

Ta ce, "Ba gidanmu ba ne sai an raba."

"To yaya rabon yake?"

"In ba a san wanda ya riga ba, kamar Malam bai bar ɗa ba ne. Ni rubu'i, kai sauran. Yarinyar nan ba ta da ko tubali ɗaya, don mijinta bai mallaki komai nasa ba. In kuwa Malam ne ya riga, to yaron ya gaji gidan, mu uku mu gaje shi."

"Sai mu ce Yaya ne ya riga. Wa zai tambaya?"

"Ba a cewa. Sani ake yi."

Hamidu ya dube ta, ya ga ba gardama take yi ba, ba kuma roƙo ba. Ya ce zai kwana biyu.

Ta fara tambaya. Duk wanda ya shigo da nasa lissafin, in ta gama masa sai ta ce ko ya san wanda ya ga abin da aka yi a ƙofar masallaci. Aka ce mata akwai Bahago mahauci, yana cikin waɗanda soja suka kama don ɗaukar gawa. Tun ranar bai koma fawa ba, yana zaune a gida. Ta aika masa sau biyu bai zo ba. Ta yafa mayafi ta tafi da kanta, ta same shi a gindin katanga yana gyara wata igiya da ba ta bukatar gyara.

Suka gaisa. Ta ce, "Ka ga Malam ranar?"

Ya ce, "Na gan shi."

"Da wanda ke riƙe da hannunsa?"

"Da Illiya. Na gan su."

"Wa ya riga?"

Bahago ya ajiye igiyar. Ya ce, "Inna, wanne kike so in ce? Faɗa mini, in faɗa a gaban kowa."

"Wanda ka gani."

Ya sake ɗaukar igiyar. Sannan ya ce tun hantsi aka tsugunar da su a jikin bango, su shida, da soja a kansu, aka ce kada wanda ya motsa sai an ba da izini. Malam yana cikin na farko da aka sara. Bai ga takobin ba, bai kare ba, sara ɗaya ne, bai ko shure ba. Illiya ya sunkuya a kansa, aka same shi a kafaɗa da ciki.

Habsatu ta ce, "Nan take?"

"A'a."

"Har yaushe?"

"Inuwar bangon tana kanmu sa'ad da aka fara. Ta janye, ta bar mu a rana, ta koma ɗaya gefen. Yana nan yana motsi. Da aka ce mu ɗauka, jikinsa da ɗumi."

"Ya yi magana?"

"Ruwa yake cewa."

"Ya kira wani?"

"Bai kira kowa ba. Ruwa kawai. Inna, wallahi da na tashi da sun..."

Ta ce, "Na sani. Za ka faɗi haka a gaban ƙanen Malam?"

Ya ce zai faɗa.

A hanyar komawa ta bi ta ƙofar masallacin, abin da ba ta yi ba tun ranar. Ƙasa ce kawai, an share. Ta duba daga nan, ana hango saman katangarsu. Ta tuna abin da take yi a wannan tsakar ranar: ta cika tulu, ta jiƙa tsumma ta naɗe shi, ta sa a inuwa don su tarar da ruwan sanyi. Ta tuna shi sarai, har da tsagar da ke bakin tulun. Ta tsaya ta ji ko wani abu zai motsa a ƙirjinta. Wani jaki ya wuce da itace, ta matsa masa, ta tafi gida.

Kashegari Bahago ya zo ya maimaita a zaure. Fulera na bayan tabarma, da ya kai wurin ruwan sai aka ji ta tashi da gudu ta shige ɗaki. Hamidu ya rufe fuska da rawani. Habsatu ta ce shaida ɗaya ne, a ƙa'ida biyu ake so. Hamidu ya ce, "Ni kaɗai ne zan yi musu, kuma ban yi ba. Raba."

Ta share ƙasa. Ta ajiye ashirin da huɗu, ta cire tumuninta, abin da ya rage ya ƙi rabuwa huɗu. Ta ninka, ya ƙi. Ta sake ninkawa, casa'in da shida. Ƙwallayen jakar ba su kai ba, ta fita tsakar gida ta tsinto tsakuwa ta cika. Ta ɗauki goma sha biyu na mijinta ta ajiye a gabanta. Sauran ta tura gefe ɗaya ta ce, "Wannan na yaron ne." Ta bar su a nan ɗan lokaci, tuli guda. Shi ke nan abin da ya taɓa mallaka, daga hantsi zuwa bayan azahar. Sannan ta rushe tulin: Fulera ashirin da ɗaya, ita ashirin da takwas, Hamidu talatin da biyar.

Ta ce, "Ku ƙirga."

Ba wanda ya ƙirga.

Gida ba ya yankuwa casa'in da shida, sai aka kira wani tsohon magini ya auna da igiya, ya kimanta. Hamidu ya sami zaure da ɗakin da ke jikinsa da littattafan Malam. Fulera ta sami ɗakinta da awaki biyu. Habsatu ta sami nata ɗakin da madafa da tsakar gida. Hamidu ya ɗaure littattafan a kan jaki ya koma Aderbissinat, ya ce zai dawo bayan damina ya ga abin da zai yi da zauren. Bai dawo ba. Aka ce ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi.

Fulera ta yi shekara biyu tare da ita. Suna dafa tukunya ɗaya, ba sa hira sosai. Wani falke mai zuwa Damagaram ya nemi aurenta, ta zo ta durƙusa ta ce, "Inna, in kin ce in zauna, sai in zauna." Habsatu ta ce, "Tafi." Fulera ta ce ta bar mata ɗakin. Habsatu ta ce to a kira mutum biyu su ji, aka kira, suka ji. Ranar tafiyar ta raka ta har bakin lungu ta dawo. Sau ɗaya saƙo ya zo, an ce ta haifi namiji.

Sannu a hankali mutane suka fara komowa. Nasara suka naɗa sabon alƙali, ya zo da nasa malaman, masu gado suka koma can. Mata kaɗan ne suka ci gaba da biyowa ta wurinta kafin su je, don su san abin da za su ji. In sun dawo sukan ce mata haka ya fito. Takan ce to.

Indo ta taɓa tambayarta ko har yanzu tana ganin Malam a mafarki. Ta ce ba ta mafarki. Ta ce tana kwanciya, gari ya waye.

Ta rasu da sanyi, shekara tara ko goma bayan abin. Indo ce ta ga rana ta ɗaga ba a buɗe ƙofa ba, ta tura ta shiga. Ita da wasu mata biyu suka yi mata wanka. Alƙali ya sa aka yi cigiyar magada a kasuwa Juma'a uku, aka aika Ingal inda aka ce tana da dangin uba, ba wanda ya zo. Gidan ya yi damina biyu a rufe, rufin zauren ya rufta. Daga baya aka ba wani maƙeri da ya dawo daga gudu da iyalinsa. Ya toshe tsohuwar ƙofar, ya fasa sabuwa ta gabas, ya kafa maƙerarsa a inda zauren yake.